Tafiyar Kazimir a Kan Katako

Litinin, 5 ga Oktoba, 1914, da yamma

Yau na koma aiki. Sista Benedikta ce ta kore ni daga asibiti. Ta ce, "Halina, zamanki a bakin gadon nan ba shi zai tayar da mijinki ba. Je ki nemi abin da za ku ci idan ya farka." Ban san wace irin "idan" take nufi ba, ban kuma tambaya ba.

Ɗakinmu na haɗa fim a kamfanin Larkspur yana nan yadda na bar shi. Mata a jere a dogon tebur, ƙarar almakashi, warin gam, zaren fim rataye ko'ina kamar shanya. Ina shiga hira ta mutu. Delphine kaɗai, wadda muke zama kafaɗa da kafaɗa, ta jawo mini kujera ta ce, "Zauna, ƙawata. Gam ɗinki ya bushe, na zuba miki sabo."

Shekara huɗu ke nan mijina Kazimir yana yi wa kamfanin nan tsalle. Duk inda jarumi zai dira daga jirgi ko ya haura katanga, sai a sa wa Kazimir rigarsa da hularsa, a kawar da fuskarsa daga kyamara. Ban taɓa zuwa kallo ba. Ranar Juma'a ma a teburin nan nake, ina manna hoton wasu masoya, aka shigo da gudu ana kiran sunana. Fim ɗin ɓarawo suke ɗauka. 'Yan sanda sun biyo shi har rufin bene, zai tsallaka zuwa wani benen a kan katako.

Ba zan rubuta sauran ba.

Talata, da safe

Na sake ɗauko kofi biyu.

Laraba, da yamma

Bai farka ba. Na aske masa gemu, don ya tsani ƙaiƙayinsa.

Alhamis, 8 ga wata, da yamma

Mahaifiyarsa ta zo daga garin Passaic. Ta daɗe tana addu'a a kansa, sannan ta ja ni waje bakin matakala.

"'Yar nan, gaya mini gaskiya. Ya sha?"

"Ya sha me, Mama?"

"Kada ki mai da ni yarinya. A bakin coci ake faɗa, a shagon mai nama ake faɗa. Waɗanda suka ɗauko shi sun ce warin giya ne ya fara tarar su."

Na ce mata tun ranar da aka ɗaura mana aure bai kai ta bakinsa ba, ko a bikin ƙanwarsa ruwa ya sha suna yi masa dariya.

Ta ce, "Kina tare da shi a kan rufin?"

"Ubansa ma rantsuwa yake yi mini har ranar da aka tsamo shi daga kwata." Ta ɗaure ɗankwalinta. Ba faɗa take yi ba, da ma faɗan ne da ya fi mini sauƙi. Ta bar mini burodi da tsiran alade a cikin takarda, ta tafi kada taragu ya wuce ta.

Burodin yana kan tebur. Ban kunna murhu ba.

Asabar, da tsakar rana

Mista Lowell Ashby ya zo dubiya, shi da kansa, jarumin fim ɗin. Furannin da ya kawo sun fi ƙarfin teburin, sai da Sista ta kawo bokiti. Ya kama hannuna da hannu biyu, yana magana da ƙarfi kamar yana kan dandali.

"Madam Wolny, Kasper ɗan'uwana ne. Ɗan'uwana na jini."

Na ce, "Kazimir."

"I, shi fa."

Tsohon da ke gadon kusa, wani ma'aikacin jirgin fito da ya karye a ƙugu, ya ɗago kai ya ce, "Yallaɓai, ba kai ne ka dira daga kan gada bara ba? Ni da matata mun gani. Don Allah dira mana ta tagar nan, kwana biyu ba mu ga abin nishaɗi ba."

Duk ɗakin ya kwashe da dariya. Mista Ashby ya yi ja har kunne. Amma da zai fita ya tsaya a ƙofa ya waiwayo, ya ga rigarsa ta fim a rataye a ƙusa, wadda aka yanke daga jikin Kazimir. Ya sunkuyar da kai ya fita. Ba na jin mugun mutum ne.

Ni ma na yi dariyar. Sai da na fito na tuna ba wanda zan ba labarin.

Lahadi, da hantsi

Na je coci na zauna a layin baya. Mata biyu suka waiwayo suka kalle ni, suka kalli juna.

Litinin, 12 ga wata, da almuru

Yau abin ya zo teburina.

Kuskure ne. Sabuwar yarinyar da ke raba aiki ba ta san ni ba, ta ajiye mini gwangwani ta wuce. Na buɗe, na ɗaga zaren sama wajen fitila kamar kullum, sai na ga rufin bene da mutum da hular Mista Ashby. Ko a cikin hoton da bai fi babban yatsa ba na san kafaɗar mijina.

Delphine ta miƙo hannu. "Ba ni nan. Halina, ba ni."

Na ce, "Sake ni."

Na bi shi hoto bayan hoto, ina ja da yatsa. Ya hau bakin rufin. Ya ɗora ƙafar dama, ya buɗe hannuwa kaɗan. Babu tangaɗi, babu karkata, kowace ƙafa tana sauka daidai gaban 'yar'uwarta. Ya wuce tsakiya. Sai katakon ya lanƙwashe, sai ya zama biyu.

Mai maye ba ya tafiya haka. Na san tafiyar mai maye, a gidan haya na girma.

Akwai sauran zare bayan wannan, mai tsawo. Wanda ke juya kyamara bai tsaya ba. Na naɗe shi ban duba ba, na mayar cikin gwangwani, na je bayan gida na yi amai. Na dawo na ƙarasa aikina.

Laraba, da yamma

Delphine ta raka ni har tashar taragu. Mijinta Gaspard ne ya juya kyamarar ranar. Ta ce tun daga lokacin ba ya cin abinci, yana cewa hannunsa ne ya ƙi tsayawa, ba shi ba.

Sai ta ce, "Maganar giyar nan fa. Gaspard ya ce bayan sun sauko wurinsa, wani daga cikin kafintoci ya ciro kwalbar wiski ya ɗura masa a baki, wai don ya farfaɗo. Rabi ya zube a rigarsa. Shi ne warin."

"To me ya hana shi faɗa?"

"Ya faɗa. Wa ya saurara? Labarin maye ya fi daɗin ji, kuma ba ya sa a tambayi wanda ya zaɓo katakon." Ta share ido da bayan hannu. "Ki yafe masa, ƙawata. Kunyar zuwa asibitin yake ji."

Na ce ba komai. Ban san ko ba komai ɗin ba ne.

Ita ma tana da nata. Ƙanenta yana bakin daga a Faransa, ba labari.

Alhamis, da safe

Bai farka ba.

Juma'a, 16 ga wata, da yamma

Mista Pruitt, daraktan fim ɗin, ya aiko a kira ni. Ya miƙe da na shiga, abin da bai taɓa yi wa wata daga ɗakinmu ba. Ya tambayi jikin Kazimir, ya juya sigarinsa, ya sake tambayar jikin Kazimir.

Daga ƙarshe ya ce an canza labarin. Da can ɓarawon zai tsallake ya tsira, ya tuba, ya auri 'yar mai shagon da ya yi wa sata. Yanzu masu kamfani sun ga abin da Gaspard ya ɗauka, sun ce ba a taɓa samun irinsa ba. Ɓarawon zai mutu a nan. Za a sa rubutu a allo cewa wannan ne ƙarshen mai laifi.

Na ce, "Za ku nuna wa mutane ke nan, yallaɓai."

"Ba wanda zai san gaske ne, Madam Wolny. Za su ɗauka 'yar tsana muka jefo."

"Ni na sani."

Ya daɗe yana kallon taga. Sannan ya rage murya ya ce, "Ni na ce masa ya hau. Saboda haka ga abin da zan iya. Idan kin ce a'a, zan ce zaren ya lalace a wurin wanki, in sa shi a wuta da hannuna, na asali da kwafin duka. In dai yana nan, sai sun sa shi. Ki yi tunani, amma kada ki daɗe."

Na tambaye shi ko zai ba ni guntun farkon kawai, wurin tafiyar, in nuna wa mahaifiyarsa. Ya girgiza kai. Ya ce ko taƙi ɗaya ba ya fita daga ƙofar kamfani, ana auna shi.

To ga shi. In an ƙona, babu sauran abin da ya ga tafiyarsa ranar nan sai idona. In an bari, duk mai ɗan canji a aljihu zai zauna yana cin gyaɗa yana kallo.

Na zauna a bakin gadonsa na gaya masa duka, na ce, "Kai ka ce wani abu mana." Tsohon gadon kusa ya juya ya ba mu baya, don kada in ji kunya.

Lahadi, da yamma

Na wanke rigunansa duka, har waɗanda ba su yi datti ba.

Talata, 20 ga wata, da tsakar rana

Ya buɗe ido!

Ina goge masa wuya sai na ji ya ce, "Ruwa." Na zubar da rabin kofin a kan bargo. Ya sha, ya kalle ni sosai, ya ce, "Hala, kin rame." Haka yake taƙaita sunana. Sista ta durƙusa a tsakiyar ɗaki, tsohon nan yana buga cokali a jikin gado yana ihu, "Ɗan tsalle ya dawo!"

Sai ya lumshe ido, na ɗauka barci zai koma. Ya ce, "Gaspard ya ɗauka?"

Na ce, "Me?"

"Ya ɗauka, ko ya tsaya?"

Da ba a kwance yake ba da na mare shi. Na fita bakin matakala na yi kukan da ban yi ba tun ranar Juma'ar nan.

Alhamis, da yamma

Likita ya kira ni gefe. Ya yi mini bayani da fensir a kan takarda, ya zana kashin baya. Ya ce abin da ya ce.

Da na dawo gida na tambayi matar da muke haya a gidanta ko ɗakin ƙasa da ke kusa da ƙofa zai samu. Ta ce ƙarshen wata mai ciki zai tashi. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta dafa kafaɗata kawai.

Asabar, 24 ga wata, da yamma

Mun yi faɗa. A asibiti, da raɗa, kamar ɓarayi.

Na ba shi labarin Mista Pruitt, na ce na yanke shawara a ƙona. Mahaifiyarsa ta yarda ko kada ta yarda, ba zan bari a sayar da tikiti a kansa ba.

Ya ce, "Wa ya ba ki izini?"

"Ni matarka ce."

"Ke kika hau?"

"Kazimir, tafi za su yi. Za su ga ɓarawo ya samu abin da ya dace da shi, su tafa. Sunan Ashby ne a jikin bango, ba naka ba."

"Na sani. Shekara huɗu sunansa ne." Ya yi numfashi, magana tana gajiyar da shi. "Hala, kina ganin ban sani ba? Jiya da Sista ta juya ni na ga ta soka mini allura a tafin ƙafa, tana satar kallon fuskata. Ban ji komai ba. Kowa a ɗakin nan ya sani, ke kaɗai ce kike yi mini hirar takalmin hunturu."

Na kawar da kai, ya ci gaba.

"Shi ne aikina na ƙarshe, kuma ya yi kyau. Na san ya yi kyau, na ji a jikina kafin katakon ya ci amanata. Ƙafafuna na bayar a kansa. Ki sa a wuta, sai ya zama na bayar da su a banza."

Na ce masa shi mahaukaci ne, ubansa giya ta ci shi, shi kuma kyamara. Ya yi dariya har ta sa shi tari. Ni ban yi ba.

Na taho ban yi masa sallama ba.

Lahadi, da safe

Ban je coci ba. Ban je asibiti ba tukuna. Ina zaune da kwat ɗina a jiki.

Litinin, 26 ga wata, da yamma

Na gaya wa Mista Pruitt a bari. Na ce da sharaɗi ɗaya, ni zan haɗa wurin. Ya yarda.

Na duba sauran zaren har ƙarshe, wanda na ƙi dubawa. Na yanke shi tun kafin Kazimir ya kai ƙasa. Wannan kam ba na kowa ba ne. Mista Pruitt ya duba inda na yanke, ya ce, "Ya isa haka," ya tattara ragowar ya tafi da shi wajen murhu.

Delphine ta riƙe mini ƙarshen zaren ina shafa gam.

Alhamis, da yamma

Mama ta zo. Ya gaya mata da bakinsa bai sha ba. Ta ce, "Na yarda, ɗana," tana gyara masa matashi, idonta a kan matashin. Na ce mata idan fim ɗin ya fito ta zo mu je ta gani da idonta. Ta ce ita ba ta shiga irin wuraren nan, kuma ba za ta biya kuɗi ta kalli ɗanta yana mutuwa ba.

Ni ma haka na ce da farko.

Lahadi, 1 ga Nuwamba, da yamma

Na kwashe kayanmu zuwa ɗakin ƙasa ni kaɗai. Gaspard ya zo daga baya ya sauko da gadon, bai iya kallon idona ba. Na ba shi gahawa, ya sha a tsaye.

Tagar ɗakin tana kallon titi. Zai riƙa ganin mutane.

Laraba, da safe

Sanyi ya shigo. Na kwana a sabon ɗakin, ban saba da inda ƙofa take ba.

Asabar, 14 ga wata, da almuru

Yau aka fara nuna shi a New York. Kazimir ya matsa sai na je. Delphine ta ce za ta raka ni, na ce a'a.

Na hau jirgin fito na tsallaka kogi. Gidan majigin ya cika, maza da huluna a gwiwa, mata da yara, warin lemo da rigunan da ruwa ya jiƙa. Mai fiyano wata tsohuwa ce mai saurin hannu. Fim ɗin ba laifi. Mista Ashby ya fasa akwatin kuɗi, ya harbi mai gadi, ya yi wa yarinyar kallon da mata ke so. Matar da ke kusa da ni tana karanta wa mijinta rubutun allo da ƙarfi, tana ƙara nata: "Kalle shi, ɗan banza, har da gashin baki."

Da aka zo rufin bene, fiyanon ya soma gudu. Na san inda na manna, na ga ɗan tsallen da hoton ya yi a wurin. Na rufe ido.

Na ji ɗakin ya ja numfashi gaba ɗaya. Wata ta ƙwalla ƙara. Sai tafi, da buga ƙafa, da fito. Mijin matar nan ya ce, "Allah ya ƙara!" Ita kuwa ta ce, "Kai, 'yar tsana ce, kowa ya gani."

Na wuce asibiti kai tsaye, na samu ana shirin rufe ƙofar masu dubiya. Yana jirana, an jingina shi da matasai.

"Yaya?"

"Sun tafa. Wasu har miƙewa suka yi."

Ya lumshe ido yana murmushi. "Tafiyar fa? Hannuna na hagu bai yi sama da yawa ba?"

Na sunkuyar da kai.

"Hala. Ba ki kalla ba."

"Na kasa."

Bai yi fushi ba. Ya kama yatsana ya ce, "Ni ba zan taɓa ganinsa ba. Kafin a sallame ni an cire shi an sa wani. Ke ce idona." Sai Sista ta buga ƙararrawa.

Litinin, da safe

Ya ce in bari, ba dole. Ya fi muni da ya ce haka.

Laraba, 18 ga wata, da yamma

Na nemi izinin rabin yini na koma. Na zauna a bakin layi kusa da ƙofa. Mutane ba su da yawa, tsohuwar mai fiyano tana hamma.

Wannan karon na buɗe ido. A hannuna hotuna ne tsayayyu na gani, ban taɓa ganinsu suna motsi ba. Ya hau bakin rufin, iska tana kaɗa rigar. Ya ɗora ƙafa, ya ɗora ɗayar. Haka yake tafiya idan ya fito daga wanka yana tsokanata, a hankali, kamar ƙasar tasa ce. Ina ganin ya kai tsakiya na tashi na fita.

Hannunsa na hagu daidai yake. Na gaya masa.

Juma'a, da yamma

Gobe za su cire fim ɗin. Na sake zuwa yau, bai sani ba. Mai karɓar tikiti ya gane ni, ya ce, "Madam, ke kullum sai an zo wurin daɗin kike fita."

Na ce masa ni tafiyar nake zuwa gani.